Darasin Zamantakewa: Me Yaranmu Ke Koyo Daga Nazare Zuwa Sakandare?



Ranar Talatar da ta wuce na dawo daga shago a gajiye, sai ɗana na aji 4 ya tare ni da littafi. "Baba, malama ta ce mu rubuto jiharmu da ƙaramar hukumarmu da sunan sarautar garinmu. Ni na rubuta Jabi." Na yi dariya, amma daga baya dariyar ta koma ciki. A nan aka haife shi, tashar motar Jabi ya sani, garinmu kuwa sau biyu ya taɓa zuwa. To laifin wa?

Wannan aikin gida daga darasin zamantakewa ya fito. Da yawanmu lissafi da Turanci kawai muke dubawa a takardar sakamako. Shi ya sa karatunmu na wannan Juma'a zai bi darasin mataki-mataki.

Mataki na farko: nazare zuwa aji 3 na firamare

Daga gida ake farawa. Yaro zai koyi sunansa da na iyayensa, su wane ne dangi, yadda ake gaida manya, tsabta, da tsallaka titi. Sai tutar ƙasa mai kore da fari da kore, da taken ƙasa. A tuna, a watan Mayun 2024 aka koma tsohon taken da aka bari a 1978, don haka wanda muka rera a makaranta ba shi suke rerawa ba.

Mataki na biyu: aji 4 zuwa 6

Nan da'irar ke faɗaɗa. Ana koya musu al'adun ƙabilu, aure, sana'o'i, sufuri, da hatsarin shaye-shaye. Ana haddace jihohi 36 da manyan biranensu, a san cewa ƙananan hukumomi 774 ne. Babban Birnin Tarayya yana da guda 6: Abuja ta tsakiya wadda ake kira AMAC, inda Jabi take, sai Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Tambayi naka yau da daddare ka ji ko zai kawo su.

Mataki na uku: ƙaramar sakandare

Yanzu an shiga maganar haƙƙi da nauyi: tsarin mulkin 1999, rassan gwamnati uku, zaɓe, cin hanci, safarar mutane, da yadda ake sasanta rikici. Waɗannan ba labarin nesa ba ne. Yaron da ya san dabarun masu yaudarar yara da sunan sama musu aiki, da wuya a ja shi da baki. Wanda ya san dalilin haraji da muhimmancin rasit, gobe shi zai tsaya wa shagon mahaifinsa.

Mataki na huɗu: babbar sakandare

Darasin yakan rabu gida-gida: ilimin zama ɗan ƙasa, gwamnati, labarin ƙasa, tattalin arziki da tarihi. Za su karanta haɗewar Arewa da Kudu a 1914, samun 'yanci a 1960, da Majalisar Tarayya mai sanatoci 109 da wakilai 360. Ana rubuta waɗannan a jarrabawar WAEC da NECO, kuma mai son karanta lauya ko kimiyyar siyasa ba zai yi wasa da su ba.

Hukumar NERDC da ke Sheda, a nan yankin Kwali, ita ke tsara manhajar. Wajen 2009 an cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka yi ta koke, sai a 2022 gwamnati ta ƙaddamar da dawo da shi. Ke nan akwai ƙannenmu da suka gama makaranta ba su zauna ajin tarihi ba.

Abin da littafi ba zai ba su ba

Littafin makaranta na ƙasa baki ɗaya ne, layi kaɗan yake ba kowace ƙabila. Zai ce Murtala Muhammad ya kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. Amma da wuya ya tsaya bayanin cewa sunan Abuja daga Abu Ja ya samo asali, ɗan gidan sarautar Zazzau da ya kafa garinsa a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Kuma ya kamata yaro ya san Gbagyi da sauran ƙabilun yankin nan suna noma ƙasar tun kafin a aza tubali ɗaya. Wanda ya san haka zai girmama maƙwabci, kuma ba zai ji kansa bare ba.

Sauran kuwa a bakinmu yake: sunan kaka, unguwar da muka fito, sana'ar gidanmu, dalilin da ya kawo mu Jabi. Wata rana za a nemi yaro da takardar shaidar asali wajen neman gurbin jami'a ko aikin gwamnati. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aikin wannan mako

1. Karɓi littafin darasin ka duba, ko ba ka jin Turanci. Ce masa ya fassara maka da Hausa. Riba biyu ke nan.
2. Koya masa jiharsa, ƙaramar hukumarsa da sunayen kakanninsa uku.
3. Uwa, idan kina tuƙa tuwo, ba su labarin garinku.
4. In hutu ya zo, a daure a kai su gida, ko da na kwana uku ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwa. Sai wata Juma'ar, in muna da rai.