Igiyar Godiya

A karanta Luka 17:11-19 da Joshuwa 4:1-9.

Abin da Luka ya ba mu labarinsa a sura 17, a kan iyaka ya faru. Ubangiji Yesu yana kan hanyar Urushalima, ya bi tsakanin ƙasar Samariya da ta Galili. A bakin wani ƙauye kutare 10 suka tsaya daga nesa, suka ta da murya suna roƙon jinƙai. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya kuwa suka tsarkaka dukansu. Ɗaya kaɗai ya komo ya fāɗi a gabansa yana godiya, shi kuwa Basamariye ne, watau mutumin ƙetaren iyaka. Ba mu ce taran nan mugaye ba ne. Sun roƙa, sun samu, sun wuce. Haka yawancinmu mu ke.

'Yan'uwa na wajen Gangara da Jibiya sun san zaman iyaka. Sun san kuturta kuma, gama asibitin Danja, wanda Mishan ta buɗe a 1956, yana kan hanyarsu ta zuwa Maraɗi. Sun sha wuya ba kaɗan ba. An rufe iyakar ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sāke rufewa a Agusta 2023 har Maris 2024. Ciniki ya tsaya, dangi na nan da na can suka daɗe ba su ga juna ba. Ga 'yan bindiga kuma, sun kore shanu, sun raba mutane da gonakinsu. Ba abin mamaki ba ne addu'armu ta zama roƙo tun daga fari har Amin. Roƙo ba laifi ba ne. Amma a Filibiyawa 4:6 Bulus ya gama roƙo da godiya wuri ɗaya, shi kuwa a ɗaure ya ke sa'ad da ya rubuta.

Ga wata dabara mai sauƙi domin gida. A samo rama, ko kaba idan ita ce kusa. A jiƙa ta yi taushi, a tufka igiya siririya kamu huɗu ko biyar. Uba ya koya wa yara tufka. Kada ya karɓe aikin daga hannunsu don ta fito a karkace. A rataye ta inda a kan yi addu'ar dare. Kowace maraice, kafin a roƙi kome, mutum ɗaya ya ɗauko ta, ya faɗi abu guda wanda Allah ya yi wa gidan a yinin nan, ya yi ƙulli ɗaya, sa'an nan dukan gida su yi godiya dominsa. Gobe wani ya karɓa, har a zo kan ƙaramin yaro. Idan abin babba ne, kamar haihuwa lafiya ko komowar wanda aka sace, a sa ƙyallen tsumma mai launi a cikin ƙullin domin a gane shi.

Mu lura fa, dole a ambaci abin da sunansa. Mun saba cewa, "Mun gode maka domin kome da kome," mu wuce. Wannan ba ya cin wa mutum kome, ba ya kuwa tsaya a zuciya. Amma a ce, mun gode domin Inna ta komo daga kasuwar Jibiya lafiya, ko domin zazzaɓin yaro ya sauka, ko domin maƙwabcin da ya ara mana tiya biyu ta gero, ko Kirista ne shi ko Musulmi. A nan ne zuciya ta kan farka. Igiyar ba ta yarda da godiyar jimla, gama ƙulli ɗaya abu ɗaya ne.

Wani zai ce, ranar da aka yi mana ɓarna fa? Kada mu yi wa Allah ƙarya. Ba a gode wa mugunta. Idan baki ya kasa, a bar wurin ba ƙulli, a yi kuka a gaban Ubangiji. Sau da dama bayan kwana kaɗan a kan tuna da wanda ya buɗe ƙofarsa a daren gudu, kamar yadda mutanen ƙasar Maraɗi suka sauki dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Sai a koma a ƙulla a wurin da aka bari.

Akwai gargaɗi. A ƙasarmu boka ya kan yi ƙulli ya tofa, mutane su ɗaura a kwankwaso don tsari. Tamu ba haka ta ke ba. Ba laya ba ce, ba guru ba ce, ba ta tsare gida, ba ma lissafin lada da ita. Kada a ɗaura wa jariri, kada a binne a bakin ƙofa. Wanda ya ji zuciyarsa tana jan sa wajen dogara gare ta, gara ya bar ta. Aikinta irin na duwatsu 12 ne da Joshuwa ya sa aka ɗebo daga tsakiyar Urdun aka kafa a Gilgal, domin yara su gani su tambaya, iyaye kuwa su ba da labarin abin da Allah ya yi.

Don haka ran Lahadi da yamma a miƙa wa yara igiyar, su bi ƙulle-ƙullen makon da yatsa, su faɗi na mene ne kowane. Za mu ga sun fi manya tunawa. In ta cika a tufka sabuwa. Tsohuwar kuwa a ajiye ta har kaka, a ɗaure damin baiko da ita a kai ɗakin sujada ranar godiya.