In Gobara Ta Tashi, Kada A Ɓoye Wa 'Yan Kwana-kwana Albarushi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga wani abu da na gani a hutun da ya wuce, na ga ya kamata mu yi tunani a kansa.

Ni ɗan Kumbotso ne, amma na yi hutuna a gidan kawuna a wajen Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, mutanen Kura da Kadawa da Bunkure suka duƙufa ga noman rani. In shinkafa ta fid da kai, tsuntsayen jan-baki sukan sauko mata, shi ya sa wasu manoma ke ajiye bindigar toka don korarsu. Maharba da 'yan tauri su ma suna da nasu. A ɗakin kawu na ga gwangwanin albarushi, ga kuma jarkar fetur ta injin ban ruwa a gefensa. Na ce, "Kawu, in wuta ta kama fa?" Ya ce, "Allah ya kiyaye." Na ce amin, amma hankalina bai kwanta ba.

Ga abin da wuta ke yi wa waɗannan kaya. Harsashin da ba ya cikin bindiga yakan fashe, ɓaraguzan kwansonsa su watsu, suna iya tsiyaye ido. Bindigar da aka ɗura kuwa, in ta yi zafi sai ta tashi da kanta, kamar an ja kunamarta. Albarushin da ke rufe cikin gwangwani shi ne mafi muni, domin fashewa yake gaba ɗaya.

Ɗan kwana-kwana ba ya ganin abin da ke bayan bango. Ran 4 ga Agusta 2020, an kira 'yan kwana-kwana su kashe wuta a wani sito a tashar jiragen ruwa ta Beirut, ƙasar Lebanon. Ba wanda ya gaya musu akwai tan 2,750 na sinadarin da ake yin takin zamani da nakiya da shi. Su 10 suka je, ba wanda ya dawo. Mutum fiye da 200 suka halaka.

Saboda haka, in gobara ta tashi:

1. A fitar da mutane, kada kowa ya koma ɗauko bindiga.
2. Mai kiran 'yan kwana-kwana ya faɗi tun a waya cewa akwai albarushi ko harsashi.
3. Da sun iso, a gaya wa shugabansu ɗakin da abin yake, da yawansa, da ko bindigar a ɗure take.
4. A gaya wa maƙwabta masu kawo gudummawa da bokiti, domin su ne ke fara isowa.

Na san abin da ke sa maigida yin shiru: tsoron a tambaye shi lasin. To, Baba, tambayar hukuma tana da ƙarshe, amma ran ɗan wani in ya fita ba ya dawowa. Wanda ya zo ceton gidanka bai cancanci ka rufe shi ba.

Kafin in koma makaranta, kawu ya raba fetur da albarushi, ya kuma nuna wa inna inda ya ajiye. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu, amin.