Shin Doka Ta Yarda A Ɗage Zaɓen Ƙasa?

Wani mai sauraronmu daga Suleja a Jihar Neja ya aiko yana tambaya ko ɗage zaɓe ya dace da tsarin mulkin Najeriya. To malam, ya dace, muddin ba a tsallake wa'adi ba. Sashe na 132 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa hukumar INEC ikon tsayar da ranar zaɓen shugaban ƙasa, amma dole a yi shi aƙalla kwana 30 kafin ƙarewar wa'adin mai ci. Shi ya sa da shugaban INEC na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ya mayar da zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda Boko Haram, bai karya doka ba, tunda sai 29 ga Mayu ake miƙa mulki. Ƙarin wa'adi kuwa, Sashe na 135 ya ɗaure shi da yaƙi a cikin ƙasa da amincewar Majalisar Tarayya, kuma kada ya wuce wata shida a lokaci guda.

Wasu za su ce rai ya fi ƙuri'a. Gaskiya ne, kuma mutanen Suleja sun fi kowa sani, domin bam ya tashi a ofishin INEC na garin ranar 8 ga Afrilu, 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisa. Sai dai maganin irin wannan shi ne a jinkirta a inda abin ya shafa kawai. Ɗage na ƙasa baki ɗaya yana jawo zargi da asara: a 2019, da aka ɗage da tsakar dare, waɗanda suka yi tattaki zuwa garuruwansu don zaɓe sun yi asarar kuɗin mota.