Faifai Ya Cika Kuma Ba Ka Zuba Komai Ba? Leƙa Fayilolin Log

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ND II da ke fama da furojet a nan Abdu Gusau Polytechnic, akwai matsalar da nake yawan gani a laftof ɗin abokai. Faifan C ya yi ja, Word ya ƙi ajiye babi na huɗu, mutum ya goge finafinai da hotunan biki, bayan kwana biyu wuri ya sake cika. Sau da yawa mai cinye wurin fayil ɗin log ne.

Log rajista ce da manhaja ke rubuta abin da ya same ta, har da kowane kuskure. In layi ɗaya yana cin bait 200, kuma kuskuren yana maimaituwa sau 100 a daƙiƙa, a awa ɗaya an ci megabait 72. A wuni guda, kusan gigabait 1.7 ke nan.

Da farko, gano inda kitsen yake. WinDirStat kyauta ce, za ta jero maka fayiloli gwargwadon girmansu. Masu aiki da XAMPP su leƙa C:\xampp\apache\logs, nan error.log da access.log suke. A Windows kuwa, MEMORY.DMP da ke cikin C:\Windows kan kai gigabait da dama in kwamfuta ta faɗi da shuɗin allo.

Kafin ka goge, karanta. Notepad zai sha wuya da ƙaton fayil, don haka buɗe PowerShell a cikin foldar ka rubuta Get-Content error.log -Tail 50. Layuka 50 na ƙarshe za su nuna maka abin da ke ciwo. Sai ka tsayar da Apache, ka rubuta Clear-Content error.log. Fayil na nan, cikinsa ya zama wayam. Na Windows kuma a bar wa Disk Cleanup, a danna Clean up system files. Masu Ubuntu, sudo journalctl --vacuum-size=200M zai rage rajistar tsarin zuwa kusan megabait 200.

Sai a kula: a C:\xampp\mysql\data akwai ib_logfile0 da ibdata1. Sunan na farko ya yi kama da log, amma MySQL na dogaro da su wajen riƙe bayananka. Ka taɓa su, rumbun bayanan furojet ɗinka na iya ƙin tashi, ga ranar kare aiki ta ƙarato.

Sannan a gyara kuskuren da log ɗin ya nuna, in ba haka ba ɗibar ruwa ake yi a kwando. Masu tafiya hutun ƙarshen mako Bakura ko Maradun, ku kwafi furojet a filashi kafin ku goge komai. Allah ya ba mu sa'a.