Farin Ruwa: Darasi Daga Magangaran Kogin Kolorado

A ranar 24 ga Mayu, 1869, mutum goma suka shiga jiragen katako huɗu a garin Green River da ke yankin Wyoming, a yammacin Amurka. Jagoransu shi ne John Wesley Powell, malamin kimiyyar duwatsu, wanda ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasar ƙasar. Nufinsu shi ne su bi ruwa har su ratsa babban kwazazzabon nan na Kogin Kolorado da ake kira Grand Canyon. Bayan wata uku, mutum shida ne suka fito. Ɗaya ya haƙura tun da wuri; uku kuwa suka hangi wata muguwar magangara, suka ce ba da su ba, suka hau tudu da ƙafa kwana biyu kafin ƙarshen tafiya. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A yau sama da mutum 20,000 ne ke bin wannan hanya kowace shekara, galibinsu cikin jiragen roba da ake hura wa iska, don nishaɗi kawai. Abin da ya tsorata mutanen Powell shi ne abin da waɗannan ke biyan kuɗi su gani, watau farin ruwa: ruwan da ke gudu bisa duwatsu yana cakuɗa da iska har ya yi fari fat kamar kumfar sabulu. Wurin da hakan ke faruwa shi ake nufi da magangara a wannan darasi. Irinta ce ta halaka Mungo Park a Busa cikin 1806, kafin tafkin Kainji ya shanye wurin.

Yadda magangara ke samuwa

Kwazazzabon yana da tsawon kilomita 446, zurfinsa kuma ya haura kilomita ɗaya da rabi a wurare da dama. Mai karatu zai iya zaton kogin gangarowa yake yi bai-ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Tafiyarsa ta fi kama da saukar matakala. Masanin koguna Luna Leopold ya nuna cewa kimanin rabin saukar da kogin ke yi a cikin kwazazzabon yana aukuwa ne a magangarai, alhali kuwa su ɗin ba su wuce kashi ɗaya bisa goma na tsawonsa ba. Sauran duk dogayen gurabu ne masu zurfi, inda ruwa ke tafiya a natse.

Kusan kowace babbar magangara tana bakin wata ƙorama ce da ke shigowa daga gefe. Waɗannan ƙoramu a bushe suke yawancin shekara, amma ranar da aka tafka ruwa a kan tsaunuka, sai laka da tsakuwa da duwatsu su haɗu su zama wani kauri kamar kwaɓaɓɓen siminti, wanda ke iya ɗauko dutse mai girman mota. Idan wannan kaya ya zube a kogi, sai ya matse hanyar ruwa, ya kuma ɗaga ƙasanta. Ruwa ya taru a baya kamar an datse shi, sa'an nan ya kutsa ta ƙuntatacciyar kafar da ta rage da gudun gaske. Haka ta faru a Disamba 1966, lokacin da ƙoramar Crystal ta yi aman duwatsu, ta mai da wata magangara da ba a damu da ita ba ta zama ɗaya daga cikin mafiya hatsari a kogin.

Abin da matuƙi ke dubawa

Kafin shiga babbar magangara, matuƙi yakan ɗaure jirgi, ya hau dutse, ya yi ta kallon ruwa, domin fuskar ruwa tana tona abin da ke ɓoye a ƙarƙashi. Abu na farko da yake nema shi ne "harshe", watau sumul ɗin ruwan da ke shiga magangara yana tsukewa kamar bakin mashi, tsininsa na duban inda ruwa ya nufa. Nan ne zurfi yake, nan ne ƙofa. Idan kuwa tsinin yana duban baya, to dutse ne ke tsaga ruwan, sai a kauce.

A ƙarshen harshe akan tarar da jerin raƙuman ruwa waɗanda ba sa motsawa daga inda suke, ruwa ne kawai ke ratsa su. Dalilin wannan yana da ban sha'awa. Igiyar ruwa tana da nata saurin, wanda ya danganta da zurfi. A ruwa mai zurfin mita ɗaya, saurin ya ɗan ɗara mita uku a daƙiƙa. Matuƙar gudun kogi bai kai wannan ba, igiya na iya komawa baya. Amma a ƙuntataccen wuri ruwa yakan fi igiyarsa gudu, kuma sa'ad da ya ci karo da ruwa mai zurfi da ke tafiya a hankali, dole ya rage gudu farat ɗaya, sai ya yi tsalle sama ya tsaya kamar bango. Ana iya ganin ƙaramin misalinsa idan aka buɗe famfo bisa faranti: ruwa ya bazu siriri da sauri, sa'an nan ya yi zobe mai kauri a kewaye.

Mafi sharri shi ne "rami". Idan ruwa ya tsallake dutse ya faɗa bayansa, sai na sama ya riƙa naɗowa yana komowa wajen dutsen. Jirgin da ya shiga a karkace yakan kife, mutumin da ya faɗa kuwa ruwan ya yi ta juya shi, kuma da yake rabin abin kumfa ce, ko rigar hana nutsewa ba ta ɗaga shi sosai. A gefe kuma, bayan tarin duwatsun, akwai makewaya, inda ruwa ke zagayawa a hankali yana komawa baya. Nan jirage ke hutawa, nan ne kuma yashi ke kwantawa ya zama tudun da matafiya ke kafa tanti.

Ƙorama ce ke gina magangara, ambaliya kuma ita ke rage mata kaifi. Kafin a datse kogin, idan ƙanƙarar tsaunukan Rocky ta narke a watannin Mayu da Yuni, ruwa yakan kai kubik mita 2,400 a daƙiƙa, wata shekara ma ya ninka haka. Wannan ciko shi ke ture duwatsu, ya faɗaɗa hanya, ya kuma ɗora sabon yashi a gaɓa.

Ranar da aka rufe ƙofa

A shekarun 1950 Hukumar Raya Albarkatun Ruwa ta Amurka ta so gina madatsa a Echo Park, cikin wani keɓaɓɓen wuri na ƙasa. Masu kare muhalli, musamman ƙungiyar Sierra Club ƙarƙashin David Brower, suka yi tsayin daka har aka janye shirin a 1956. Sai dai a madadinsa ba su ja da madatsar Glen Canyon ba, abin da Brower ya yi nadamarsa har ƙarshen rayuwarsa. An rufe ƙofofinta a 1963. Tsayinta mita 216, tafkin da ke bayanta kuma aka raɗa masa sunan Powell. Da aka sake kawo shirin wasu madatsu biyu a cikin Grand Canyon kansa, jama'a suka ƙi, aka yi watsi da shi a 1968. A shekarar ce kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta hana datse wasu zaɓaɓɓun koguna, aka fara da guda takwas. Nasarar ba ta zo kyauta ba: wutar da aka rasa, da tashar kwal aka maye ta a ƙasar al'ummar Navajo, wadda ta yi ta hayaƙi har 2019.

Madatsa ɗaya tak ta isa ta sauya kogin. Sunan Kolorado daga Sifaniyanci yake, ma'anarsa "mai ja", saboda lakar da yake ɗauke da ita. Yanzu lakar tana kwantawa a tafki, ruwan da ke fitowa kuwa kore ne garau. Kusan duk yashin da ke shiga kwazazzabon daga ƙananan koguna biyu yake zuwa, Paria da Ƙaramin Kolorado. Tuddan yashi suka riƙa zaizayewa, tsoffin kufan kakannin Hopi da Zuni da sauran ƴan asalin yankin, waɗanda yashin da iska ke kwasowa ya rufe, suka fara tonuwa. Da can ruwan kan yi ɗumi sosai da bazara. Bayan madatsa sai ya tsaya wajen digiri 8 zuwa 10 duk shekara, domin daga can ƙasan tafki ake jawo shi. Wasu kifayen asali suka ɓace daga kwazazzabon, wani mai doro kuma ya fake a bakin Ƙaramin Kolorado inda ruwa ke da ɗumi.

Magangarai ma sun ji a jikinsu. Ƙoramu ba su daina zubo duwatsu ba, amma mai sharewa ya tafi. A Yuni 1983 tafkin ya cika har ya nemi fin ƙarfin injiniyoyi, aka saki ruwa kimanin kubik mita 2,700 a daƙiƙa. Da ya isa Crystal, wadda ba a taɓa wankewa ba tun 1966, sai ya tayar da bangon ruwa mai tsayin mita biyar ko fiye, ya kifar da manyan jirage masu inji, har aka rasa rai. Masaniya Susan Kieffer ta yi nazarin wannan bango, ta nuna yadda ambaliyar ta faɗaɗa kafar daga baya.

Ambaliya da gangan

Majalisar Amurka ta yi dokar kare Grand Canyon a 1992, a Maris 1996 kuma aka yi abin da ba a saba ba: aka buɗe madatsa da gangan, aka saki kubik mita 1,270 a daƙiƙa har kwana bakwai. Tuddan yashi suka ƙaru, aka yi murna. Amma awo ya nuna cewa yawancin ginin a kwanakin farko ya auku, daga nan yashin da ke cikin ruwa ya ragu, kuma cikin ƴan watanni tuddan suka soma komawa gidan jiya. Ruwa kaɗai bai isa ba, sai da yashi. Saboda haka aka koma jiran Paria ta zubo nata kafin a yi gajeriyar ambaliya, kamar yadda aka yi a 2004, da 2008, da sau da dama daga 2012, har zuwa Afrilu 2023. Tuddan kan farfaɗo, sa'an nan hawa da saukar ruwan da buƙatar lantarki ke jawowa kullum su sake cin su.

Fari ya ƙara dagula lissafin. Kimanin mutum miliyan 40 ne ke dogaro da wannan kogi, a farkon 2023 kuwa tafkin Powell ya sauka ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu na cikarsa. Da ruwan sama-sama mai ɗumi ya kusanci bakin injina, sai wani baƙon kifi mai cin ƴaƴan kifaye ya bi ta ciki ya sauko, a 2022 aka tarar ya hayayyafa a ƙasan madatsa. Wannan ya zo shekara ɗaya kacal bayan an sassauta matsayin kifi mai doro daga jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Don hana baƙon yin ƙwai, a 2024 hukuma ta fara sakin ruwa mai sanyi ta bututun ƙasa, waɗanda ake buɗewa lokacin ambaliyar gwaji. Ruwan da ya bi ta nan ba ya juya inji, don haka wutar da aka rasa sai an sayo ta daga wani wuri.