Shin Ƙwaƙwalwa Kwamfutar Kwantum Ce?

Kwantum reshe ne na fiziks da ke bayanin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta, irin su ƙwayar zarra da elektron. A wannan mataki, elektron kan iya kasancewa cikin yanayi biyu a lokaci guda har sai wani abu ya taɓa shi. Ba tatsuniya ba ce. Ma'adanar wayar salula tana ajiye hotuna ne ta hanyar sa elektron ya ratsa wani siririn shinge, abin da dokokin kwantum kaɗai ke iya bayaninsa.

Tunda da zarra aka gina ƙwaƙwalwa, babu musu kwantum na cikinta. Inda masana suka raba gari shi ne ko tunani kansa yana amfani da wannan yanayi biyu wajen aiki.

Roger Penrose, masanin lissafi ɗan Ingila, ya ta da maganar a littafinsa na 1989. Daga baya shi da Stuart Hameroff, likitan sa barcin tiyata a Jami'ar Arizona, suka ce sirrin na cikin wasu ƙananan bututu da ke cikin ƙwayoyin jijiya. Penrose ya samu kyautar Nobel a 2020, amma kan binciken sararin samaniya, ba kan wannan ba.

Matsalar ra'ayin ita ce zafi. Yanayin kwantum ba ya son hayaniya, shi ya sa Google da IBM ke sanyaya kwamfutocinsu na kwantum zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Ƙwaƙwalwa kuwa digiri 37 take, jiƙe da ruwa, komai a cikinta na motsi. A 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa a cikin bututun nan yanayin zai rushe cikin kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na daƙiƙa, alhali ƙwayar jijiya na buƙatar kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ta aika saƙo. Tazarar ta yi yawa. Hameroff ya ƙalubalanci lissafin, sai dai har yau babu gwajin da ya tabbatar da ra'ayinsu, kuma yawancin masana ƙwaƙwalwa na bayanin aikinta ne da lantarki da sinadarai.

Don haka duk tallar da ta faɗo a Facebook ko TikTok ta sarƙa ko na'urar "kwantum" mai ƙara basira ko gano cuta daga tafin hannu, ba daga wannan bincike ta fito ba. Sunan kawai aka ara, a rufe aljihu.