Asali da Ma'anonin Sunan Zuri'a: Nazari a kan Sunan "Cameron" na Ƙasar Sikotlan

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne, watau da shi ake juyo da hankalin mai shi. Ga mai nazarin harshe kuwa, suna wata taska ce da ke adana tarihin wuri da na mutanen da suka zauna a cikinsa. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗauki sunan zuri'a guda ɗaya daga ƙasar Sikotlan, watau Cameron, wanda ake furtawa kamar "Kamaran", ta bi diddigin asalinsa da ma'anonin da ake ba shi, sa'an nan ta kawo kaɗan daga cikin mashahuran mutanen da suka amsa shi. Dalilin zaɓen wannan suna biyu ne. Na farko, ba baƙo ba ne a tarihin Nijeriya, domin akwai gwamnan mulkin mallaka da ya amsa shi. Na biyu, kyakkyawan misali ne na yadda suna ɗaya yake iya fitowa daga tushe fiye da ɗaya, har ya zama kuskure a ce ga ma'anarsa guda tak.

2.0 Ƙasar da Harsunanta

Sikotlan ita ce yankin arewa na tsibirin Birtaniya. A al'adance ana kasa ta gida biyu: ƙasar tuddai da ke arewa da yamma, da ƙasar kwari da ke kudu da gabas. Mutanen tuddai sun daɗe suna riƙe da harshen Gelik, wanda ɗan'uwa ne ga harshen mutanen Ailan, kuma zamansu na dangi-dangi ne, kowane dangi da shugabansa. A ƙasar kwari kuwa, ko da yake an taɓa yin Gelik a wurare da yawa, daga baya wani harshe mai kusanci da Ingilishi ya rinjaya.

Al'adar gadon sunan zuri'a ta fara kafuwa a ƙasar wajen ƙarni na 12, musamman a zamanin Sarki Dauda na Ɗaya (1124–1153), wanda ya raba filaye ga waɗansu barade masu asali da Nomandi ta ƙasar Faransa. Irin waɗannan masu filaye su ne suka fara kiran kansu da sunan gandunsu, 'ya'yansu kuma suka gada. A ƙasar tuddai al'adar ba ta game talakawa ba sai bayan ɗaruruwan shekaru, domin a can an saba kiran mutum da sunan ubansa da na kakansa, ko kuma da laƙabi. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar abin da zai biyo baya.

3.0 Ma'anonin Sunan

3.1 Laƙabin siffar jiki

Ma'anar da ta fi shahara ita ce wadda ake samowa daga harshen Gelik, inda ake rubuta sunan Camshron. Kalmomi biyu ne aka harhaɗa: sifa cam, mai nufin karkatacce ko lanƙwasasshe, da suna sròn, mai nufin hanci. Ke nan sunan na nufin "mai karkataccen hanci". Mai karatu zai iya tambaya, ina baƙin s ya tafi a rubutun Ingilishi? Amsa ita ce, a ƙa'idar Gelik, idan sifa ta gabaci suna a harɗaɗɗiyar kalma, baƙin farko na sunan yakan yi laushi. Ta haka s ya koma sh, wanda su suke furtawa kamar h, har ya kusa ɓacewa a wannan kalma, sai wani ɗan wasali ya kutsa tsakanin m da r. Abin da kunne ya ji shi marubutan Ingilishi suka rubuta.

Wani suna na maƙwabta yana ƙarfafa wannan bayani. Campbell ya fito ne daga cam da beul, watau "mai karkataccen baki". Wannan ba abin mamaki ba ne ga Bahaushe, wanda ya saba da laƙabobi irin su Dogo da Gajere da Jatau da Duna. Bambancin kawai shi ne, a Sikotlan laƙabin kaka ya daskare ya zama gado, har jikan da hancinsa yake miƙe sambal yana amsa shi. Sai dai a lura, Gelik yana kuma amfani da kalmar sròn ga goshin tsauni da ya turo gaba, kamar dai yadda mu ma muke cewa bakin kogi ko gindin dutse.

3.2 Sunan wuri

Tushe na biyu sunan wuri ne. Akwai wurare da ake kira Cameron a ƙasar kwari: ɗaya a lardin Fife kusa da garin St Andrews, ɗaya a gefen birnin Edinbara, ɗaya kuma a yankin Lennox. Tsofaffin takardun ƙarni na 13 da na 14 suna rubuta sunan da siffofi irin su Cambrun da Cambron, kuma sau da yawa harafin de, mai nufin "na" ko "daga", yana gabatarsa. A cikin jerin manyan Sikotlan da suka yi mubaya'a ga Sarki Edward na Ɗaya na Ingila a 1296 akwai masu amsa de Cambron. Haka kuma a cikin wasiƙar da manyan ƙasar suka aika wa Paparoma daga Arbroath a 1320, suna tabbatar da 'yancin ƙasarsu, akwai sunan wani Johannes Cambrun.

Harafin nan de hujja ce mai ƙarfi, domin ba a cewa mutum ya fito "daga karkataccen hanci". Masana da yawa suna ganin gaɓar farko ta sunan wurin ita ce dai cam ɗin nan, ta biyu kuma wata tsohuwar kalma ce mai nufin tudu, watau "karkataccen tudu". Amma baƙin b da ke tsakiya shi kaɗai ba ya yanke hukunci, saboda harsuna da dama sukan cusa b tsakanin m da r, kamar yadda kalmar Latin camera ta zama chambre a Faransanci. Wannan tsari na kiran mutum da garinsu shi ma sananne ne a wurinmu, alal misali Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari, kuma kowa ya san mutum biyu masu amsa Kano ba lalle ne su haɗa kaka ba.

3.3 Sauran ra'ayoyi

Akwai masu danganta sunan da wani ƙauye mai suna Cambernon a Nomandi, bisa la'akari da baraden da aka ambata a sama. Akwai kuma tarihin baka na dangin kansu, wanda ke cewa kakansu ɗan sarkin Denmak ne. Irin wannan labari na jingina asali ga gidan sarauta na nesa ya zama ruwan dare a al'ummomin duniya, kuma ya fi nuna yadda mutane suke son a gan su bisa ga yadda suka faro. Har yanzu masana sun rabu a kan ko shugabannin dangin tuddai reshe ne na masu filayen ƙasar kwari, waɗanda masu jin Gelik suka sake wa sunansu fassara, ko kuwa sunaye biyu ne daban da suka haɗu a rubutu.

3.4 Kama da wane

Ɗalibi Bahaushe zai iya zaton akwai dangantaka tsakanin wannan suna da na ƙasar Kamaru, ganin yadda suka yi kama a rubutun Ingilishi. Babu ko kaɗan. Sunan Kamaru ya samo asali ne daga matuƙan jiragen ruwa na Fotugal, waɗanda suka iso bakin kogin Wuri wajen 1472, suka tarar da jatan lande da yawa, suka kira shi Rio dos Camarões, watau kogin jatan lande. Kama da wane ba wane ba ne.

4.0 Dangin Cameron na Lochaber

Mazaunin dangin tuddai shi ne Lochaber, a yammacin ƙasar, kusa da Ben Nevis, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Birtaniya. Shugabansu na farko da tarihi ya tabbatar shi ne Donald Dubh, watau Donald Baƙi, wanda ya halarci yaƙin Harlaw a 1411. A ƙarƙashin gidansa ne waɗansu ƙananan dangogi, irin su MacMartin da MacGillonie da MacSorlie, suka dunƙule, kuma a hankali da yawa daga cikinsu suka ɗauki sunan Cameron. Wannan ya nuna ko a cikin dangin kansa, suna alama ce ta biyayya da neman kariya, ba ta jini kaɗai ba. Ana yi wa shugaban dangin laƙabi da Lochiel, sunan gandunsa. Sun yi doguwar gaba da dangin Mackintosh a kan filaye, wadda ba ta ƙare ba sai a 1665.

5.0 Mashahuran da Suka Amsa Sunan

Daga reshen tuddai akwai Sir Ewen Cameron (1629–1719), jarumin da ya yaƙi sojojin Cromwell, ya kuma goyi bayan hamɓararren Sarki James a yaƙin Killiecrankie a 1689. Jikansa Donald shi ne ya kawo ɗaruruwan mayaƙa ga Yarima Charles Stuart a 1745, abin da ya ba tawayen ƙarfin tashi. An yi masa rauni a Culloden a 1746, aka ƙone gidansa na Achnacarry, ya gudu Faransa inda ya rasu a 1748. Ƙanensa, likita Archibald, an kashe shi a Landan a 1753. Abin lura, shekara 40 bayan haka, a 1793, Alan Cameron na Erracht ya kafa runduna mai ɗauke da sunan dangin don yi wa gidan sarautar Birtaniya yaƙi.

Daga ƙasar kwari akwai John Cameron, bishop na Gilasgo daga 1426 zuwa 1446, da kuma Richard Cameron, mai wa'azi ɗan Fife, wanda ya yi shelar tuɓe biyayya ga Sarki Charles na Biyu a kan sha'anin addini, aka kashe shi a 1680. Mabiyansa sun kafa runduna da sunansa a 1689, kuma a shekarar suka gwabza a Dunkeld da mayaƙan tuddai masu goyon bayan James, watau ɓangaren da mutanen Lochiel suke. Ga suna ɗaya a sahu biyu na yaƙi ɗaya.

Daga ƙarshen ƙarni na 18, masu filaye suka riƙa tayar da manoma don kiwon tumaki, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya, sunan kuma ya bi su. Aikin soja da na mulkin mallaka su ma sun yaɗa shi. Verney Lovett Cameron (1844–1894), hafsan sojan ruwa haifaffen Ingila, an tura shi a 1873 don ya agaza wa Livingstone, sai ya gamu da masu ɗauke da gawarsa. Ya ci gaba da tafiya har ya fito gaɓar tekun Atlantika a 1875, ya zama Bature na farko da ya ratsa tsakiyar Afirka daga teku zuwa teku.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Sir Donald Cameron (1872–1948), haifaffen Gayana ta Kudancin Amurka. Ya fara aiki a Nijeriya a 1908, ya kai matsayin Babban Sakatare, ya yi gwamnan Tanganika daga 1925 zuwa 1931, sa'an nan ya dawo ya yi gwamnan Nijeriya daga 1931 zuwa 1935. Bai yarda da ra'ayin waɗansu Razdanoni na mayar da masarautun Arewa tamkar ƙasashe masu cin gashin kansu ba. A zamaninsa aka yi sababbin dokokin En'e da na kotuna a 1933, aka kuma sauya muƙamin Laftanan Gwamna ya koma Babban Kwamishina.

Julia Margaret Cameron (1815–1879), ɗaya daga cikin fitattun masu ɗaukar hoto na farko, ta sami sunan ne ta hanyar aure. James Cameron, haifaffen Kanada a 1954, shi ne ya shirya finafinan Titanic a 1997 da Avatar a 2009. David Cameron kuwa ya yi Firayim Ministan Birtaniya daga 2010 zuwa 2016, kuma a zamaninsa, a 2014, mutanen Sikotlan suka jefa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi ci gaba da zama cikin tarayyar Birtaniya. Daɗin daɗawa, sunan ya zama sunan yanka ga maza da mata a ƙasashe masu amfani da Ingilishi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga mutum yana iya amsa Cameron ta hanyar laƙabin kaka, ko sunan gandu, ko biyayya ga shugaba, ko aure, ko kuma raɗin suna. Saboda haka tambayar "mene ne ma'anar sunan?" ba ta cika ba sai an haɗa ta da "a wane wuri, a wane zamani, a bakin wa?" Darasin da ke nan ga mai nazarin sunaye shi ne ya nemi siffar suna mafi tsufa da aka rubuta, ya san ƙa'idojin sauti na harshen da ya haife shi, ya auna tarihin baka da takardu, kuma kada kamannin furuci ya ruɗe shi. Sunayen unguwanni da garuruwa da zuri'o'inmu da yawa suna jiran irin wannan bincike, ga dattawan da suka san labarinsu suna ta ƙarewa.